Ba a Barin Rosnida

Payakumbuh, 3 ga Agusta, 1991

Zuwa ga ɗan ƙanwata Yusrizal,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Lastri da 'yar jikata Upik. Mu nan alhamdu lillahi. Etek ɗinka, matata Yarnis, gwiwa ta sake tasar mata, ni kuwa idon hagu ne yake yi min hazo-hazo. Ba abin kai wa likita ba ne, kada ma ka fara.

Yus, shawara nake nema, kuma ban ce ka yi min dariya ba. Wasan yaƙin nan namu na wasiƙa ne ya sha min kai. Tunda ka zama babban ma'aikacin mai wataƙila ka manta abin da na koya maka a kan tabarma kana ɗan sakandare, to bari in tuna maka. Mu bakwai ne a teburinmu, ba wanda ya san sunan wani, sai launi. Kowa ya cike takardar umarni ya aika wa alƙalin wasa, Pak Gunadi na Semarang, kafin 25 ga wata. Shi zai motsa rundunoni a taswirarsa, ya aiko mana da abin da ya faru. Ni ne Ja.

Shekara uku ina cin ƙasa. Yau birni goma sha tara ke hannuna, daga bakin teku har bayan duwatsu. Ba wanda ya taɓa yin haka tun da aka kafa wasan, ka tambayi kowa. To ga inda matsalar take: runduna goma sha huɗu kacal gare ni, iyaka kuwa gida talatin a taswira. Kore yana kai min farmaki da jirage ta kudu. Baƙi kuma, wani shu'umi mai mahaya 'yan baka, ya addabe ni ta arewa. Kafin giwayena su juya ya ƙone rumbu ya wuce. Runduna huɗu suna birnin Rosnida, hayin kogi, sauran na warwatsa su kamar an watsa wa kaji shinkafa.

Kai ka fi ni kan lissafi, wannan ban taɓa musu ba. Me zan yi? Ka amsa da wuri. Na sa maka alewar galamai a ƙunshin nan, na Upik ne, kada ka cinye.

Mamak ɗinka, yayan mahaifiyarka,
Bustami

Balikpapan, 12 ga Agusta, 1991

Mamak,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Upik ta fitar da haƙori na gaba, galamai ya zo a kan gaɓa. Allah ya ba Etek sauƙi. Maganar ido kuwa sai na fara, ko ka hana. Ka je a duba shi.

Na shimfiɗa taswira na zuba mata ido kwana biyu. Gaskiya zan faɗa, Mamak, ƙasar nan ta fi ƙarfin rundunarka. Wanda ya ce zai tsare kowane birni da runduna ɗaiɗai, ɗaya bayan ɗaya za a tsince shi.

Fara da Kore. Ka miƙa masa tashar jirage ta kudu ka nemi sulhu. Abin zai yi maka ciwo, amma mutumin teku ne, in ya sami tasha ba zai hau tudu ba. Sai ka saura da abokin gaba ɗaya. Na biyu, ka daina bin mahayan Baƙi. Giwa ba ta kama doki, yana ja maka rai ne don ka bar wurinka. Ka mai da Kogin Tsakiya ya zama katangarka. Ka tara runduna biyar a mararrabar da ke bayansa, su zauna, kada ka taɓa su sai an buga. Daga nan tafiyar gida biyu ce zuwa Babban Mashigi, gida biyu zuwa ƙaramin mashigin da ke ƙarƙashin dutse. Birnin da za ka bari, ka kwashe hatsinsa ko ka ƙone, kada ka ciyar da dawakin wani.

Saura wadda na san ba za ka so ba. Ka janye daga Rosnida. Gida shida ne tsakaninta da kogi, hanya ɗaya, kuma ta cinye maka runduna huɗu da ba sa tsare komai sai suna. Da ni ne Baƙi, ba zan taɓa ta ba. Zan bar mutanenka su yi ta gadi, in zagaya in buga inda ka rage ƙarfi.

Na san sunan wa ka sa mata. Ni ma ban rubuta wannan da sauƙi ba. Amma wasa ne, kwali ne da allura, Mamak.

Ɗanka,
Yusrizal

Payakumbuh, 9 ga Satumba, 1991

Yusrizal,

Salama da gaisuwa. Gwiwar Etek ɗinka da sauƙi. Idona nawa ne, ka bar min kayana.

Kwali da allura! Haka ka ce? A watan da muka binne ƙanwata na ci birnin nan. Dokar wasa ta ce wanda ya ci birni shi ke raɗa masa suna, na zauna da hawaye na rubuta Rosnida. Shekara biyu ba takalmin wani da ya taka shi. Yau ɗan da ta haifa ne yake ce min in ƙone rumbu in juya mata baya. To, kai dai ka iya. Mun tsaya da gawarta har la'asar muna duban hanyarka, sai bayan kwana huɗu ka sauko daga mota da jakarka.

Duk da haka na ɗauki rabin maganarka. Sau biyu na sake umarni, ka san takardar da ta isa daga ƙarshe ita ake bi. Na ba Kore tasha, ya karɓa. Na zare runduna biyu daga Ƙofar Gabas na kai mararraba, suka cika biyar kamar yadda ka ce. Ka san me ya faru? A zagayen nan, ba na gaba ba, Baƙi ya faɗa wa Ƙofar Gabas da duk abin da yake da shi. Wata takwas bai leƙa wurin ba! Birni uku sun tafi, da runduna biyu.

Na zauna a shagon kofi na kasa shan shayina mai ƙwai har ƙwan ya kwanta. Na dawo gida na sake karanta wasiƙarka. Ina da tambaya uku, ka amsa min su ɗaya bayan ɗaya. Ban aiko maka da taswira ba, wacce ka shimfiɗa? Ban ambaci ƙaramin mashigi ba, ina ka san shi? Kuma me ya sa mutum zai rubuta «da ni ne Baƙi» alhali ba wanda ya tambaye shi?

Wani abu kuma. Baƙi na farko ya ajiye wasa bara, Pak Gunadi ya sanar cewa wani sabo ya karɓa. Tun daga lokacin salon ya canja. Na da mahaukaci ne, kai tsaye yake zuwa. Wannan kuwa mai haƙuri ne, mai ƙirga gida. Na san wanda na koya wa ƙirga gida.

Ban ce komai ba. Tambaya na yi.

Bustami

Payakumbuh, 28 ga Satumba, 1991

Sutan Mangkuto,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in har ana son sani.

Yau kwana goma sha tara. Mai kawo wasiƙa ya gaji da ganina a bakin shinge, jiya har cewa ya yi, «Pak Guru, Malam, in ta zo ai ba zan cinye ba.» Tambaya uku ba sa cin kwana goma sha tara, sai dai in ana ƙera musu amsa.

Wannan watan ban motsa ko runduna ɗaya ba, ban kuma gaya wa kowa ba, har Yarnis. Ina son in ga ko Baƙi zai iya gani in ba a haska masa ba.

Bustami

Balikpapan, 4 ga Oktoba, 1991

Mamak,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Jiya na sauko daga rijiyar mai ta cikin teku, sati huɗu na yi, wanda zai canje ni ya karye a ƙafa. Na tarar da wasiƙunka biyu Lastri ta ajiye min a kan firji. Muna lafiya, sai dai raina ba daɗi.

Ka kira ni da laƙabin aurena. Tunda kake ba ka taɓa kira na Sutan Mangkuto ba sai a gaban surukai. Na gane.

Ga amsarka. Taswirar kai ka ba ni ita ran da zan bar gida, ka nannaɗe ta da jarida ka ce kada in bar ta ta jiƙe. Har yanzu tabon kofinka yana kan teku. Ƙaramin mashigi kuwa, haba Mamak! Ta nan ka cinye ni sau biyar ina yaro, kana dariya har kana tari. «Da ni ne Baƙi» ma bakinka ne. Kai ka ce kafin in motsa in tashi in zauna a wancan gefen tabarma in duba da idon abokin gaba. Ƙofar Gabas kowa mai ido zai ga ta yi sirara, Pak Gunadi yana buga yawan rundunonin kan iyaka a takardar labarai kowane wata.

Ni ba Baƙi ba ne. Rabona da takardar umarni tun kafin aure. Wallahi ban san abin da zan ƙara ba.

Maganar rasuwar Amak, mahaifiyata, kuma. Ina cikin teku saƙon ya zo, igiyar ruwa ta hana kwalekwale tashi kwana biyu. Na gaya maka a lokacin, ka ce ka ji. Ashe ajiyewa ka yi. Kullum sai na lissafa kwana huɗun nan, ba sai an tuna min ba.

Shawarata ba ta canja ba, ko da kuwa za ka ƙara zargina. Ka dawo da na Rosnida bakin kogi. Baƙi mashigi yake nufa.

Yusrizal

Payakumbuh, 12 ga Oktoba, 1991

Yus ɗana,

Assalamu alaikum. Allah ya sauƙaƙa wa abokin aikinka. A shafa min kan Upik. Mu nan sai godiya.

Na karanta wasiƙarka, na gamsu sarai. Tsufa ne, ka yi haƙuri da Mamak ɗinka. Na yi tunani na ga gaskiyarka. A zagaye na arba'in zan kwashe kowa daga Rosnida, ba zan bar ko mai gadi ba, su sauko bakin kogi su haɗu da na mararraba. Birnin zai zauna a buɗe, wanda ya so ya shiga.

Ga kwafin umarnin da na aika wa Pak Gunadi yau, na sa maka a ciki don ka gani da idonka. Ka duba da kyau, ka ga Rosnida ba kowa.

Mamak ɗinka,
Bustami

Balikpapan, 18 ga Oktoba, 1991

Mamak,

Salama. Lafiyarmu ƙalau. Ina fata ka zauna kafin ka karanta wannan.

Da na ga ka ce «na gamsu sarai» sai na san da walakin. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin ka gamsu da komai ba, ko gishirin miya. Na buɗe takardar da ke ciki. Ba kwafi ba ce, Mamak. Ta ainihi ce, da sa hannunka da lambar teburi. Takardu biyu ka cike iri ɗaya, ka saka kowacce a ambulan ɗin da ba nata ba.

Ba cewa ta yi a bar Rosnida ba. Cewa ta yi runduna biyar na mararraba su haye kogi su je su ɓuya a can, su zama tara. A ƙasa, a gurbin saƙo ga alƙali, ka rubuta: «Pak Gunadi, ka taimake ni. Ka duba tambarin da ke kan ambulan Baƙi. In na Balikpapan ne, to ɗan ƙanwata ne. Na aika masa umarnin ƙarya, zai ruga Rosnida yana zaton ba kowa, in kama shi da hannu biyu.»

Sau uku na karanta. Lastri ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

To ka ga inda ka ajiye ni. Ta ƙaryar tana hannun Pak Gunadi, kuma shi bai san ƙarya ba, abin da ke kan takarda zai yi. Ita ce kuwa shawarata daga farko har ƙarshe. Da na yi shiru na jefa wannan a aljihun tebur, ran 25 mutanenka tara suna bakin kogi, daularka ta tsira. Ba wanda zai ce na yi wani abu, ai kai ka yi kuskuren ambulan. Na zauna da ita a hannu har aka kira azahar, kuma ba zan ɓoye maka ba, na so in yi shirun.

Amma da an yi haka, ni ne na kwashe mutane daga Rosnida ba da yardarka ba. Ba zan bari a ce na bar ta sau biyu ba.

Na je na aika wa Pak Gunadi ita ta wasiƙar gaggawa, ban goge komai ba, har saƙon na ƙasa. Za ta isa kafin 25, kuma ta ƙarshe ake bi. Umarni ne marar kyau, Mamak, mafi muni da ka taɓa rubutawa. Ka bar mashigi ba kowa. Amma naka ne.

Na san abin da zai biyo baya. Yanzu na ga umarninka na gaskiya, in Baƙi ya bugi mashigi za ka ce ga shaida ta fito. Ka faɗa. Ni na gaji da rantsuwa.

Yusrizal

Payakumbuh, 8 ga Nuwamba, 1991

Yus,

Assalamu alaikum. Yarnis tana gaishe ku, ita ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, shi ya sa ka ga rubutun ya miƙe. Ta ce in ban fara da gaskiyar ido ba ba za ta riƙe biro ba. To ga ta. Yanar ido ce, ta rufe na hagu ta fara na dama. Tun watan Yuni da lalube nake gane gidajen taswira. Likita a Padang ya ce aiki za a yi.

Sakamako ya zo. Baƙi ya haye Babban Mashigi da mahaya duka, bai tarar da ko kare ba. Babban Birni ya faɗi a rana ɗaya. Da ya faɗi sauran biranen suka ɓalle, haka doka take. Daga goma sha tara yau ɗaya gare ni. Runduna tara suna zaune a Rosnida suna jiran baƙon da bai zo ba, hatsinsu na zagaye biyu ne.

Kuma na faɗa, Yus. Na faɗi abin da ka ce zan faɗa. Na buga tebur na ce ga shi, ya gani ya buga! Yarnis ta ce, «Kai dai Allah ya shirye ka, karanta min ta biyun.» Af, ashe akwai wata 'yar takarda daga Pak Gunadi. Ya ce ba zai gaya min ko wane ne Baƙi ba ko zan mutu, kuma in na sake tambaya zai kore ni. Amma abu ɗaya zai faɗa: umarnin Baƙi tun 7 ga Oktoba yake cikin akwatinsa, kwana biyar kafin in ɗauki biro. Ya ƙara da cewa shekara goma sha ɗaya yana alƙalanci bai taɓa ganin mutum ya biya kuɗin gaggawa don ya isar da takardar da ake zaginsa a ciki ba.

Shi kuma Baƙi, ɗan banza, har da habaici a takardar labarai. Wai, «Ina gode wa Ja. Tun da na shigo wasan nan, duk inda aka taɓa shi sai ya ƙara mutane a birni ɗaya. Ban taɓa buƙatar ɗan leƙen asiri ba.»

Kai ma sakarai ne, ka sani? Da ka jefa ta a aljihun tebur da yanzu ina da daula. Me ya kai ka? Haka uwarka take. In na aike ta da saƙon da ta san shirme ne sai ta kai, ta dawo ta zauna tana kallona har in ji kunya da kaina.

Na ji kunya, Yus. Ba kai na riƙe a zuciya ba. Ni ne nake gida, gida uku tsakanina da ita, tana cewa ciwon ciki ne kawai na ce to ta sha jiƙo. Wata biyu kafin in kai ta asibiti. Kwana huɗunka na yi ta ƙirgawa don kada in ƙirga nawa. Ka yafe min. Yarnis ta ce ta rubuta, ba sai na maimaita ba, amma na ce ta sake. Ka yafe min.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takardar umarni ta zagaye na arba'in da ɗaya. Yarnis ta duba adireshin sau biyu. Na sa hannu a ƙasa, sama ba komai. Pak Gunadi sa hannu kawai yake dubawa. Hanyar duwatsu a buɗe take, in suka fita yanzu za su iya kaiwa ƙasar Kore su nemi mafaka. Ka cike yadda ka ga dama ka aika, ba sai ka nuna min ba. In ka ce a fita, a fita.

Mamak ɗinka,
Bustami

Balikpapan, 16 ga Nuwamba, 1991

Mamak,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Etek, na gode da rubutu, ki karanta masa a hankali.

Na yafe, kai ma ka yafe min. Na ɗauki hutu, ran 2 ga Disamba ina Padang, ni zan riƙe hannunka a shiga da kai aikin ido. Kada a yi min gardama. In an kwance maka bandeji ka raka ni kabarin Amak, ban taɓa zuwa tare da kai ba.

Takardar kuwa na cike na aika jiya. Ka ce ba sai na nuna maka ba, to ba ta da tsawon da za a ɓoye. In lissafi za a bi, fita ya kamata su yi, kuma ka san na iya lissafi. Layi ɗaya na rubuta: kowa ya tsaya a Rosnida.

Ɗanka,
Yus